Hatimin Kakanmu na Santambul

Tun ran da na dawo daga arewa ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, ba. Kafin in zauna wani ya ce, "Mushe, an gano birin?" sai a kwashe da dariya. In na fara bayani kuma wani ya katse ni da labarin ƙwallo. Na gaji da ba da labari guntu-guntu ga mutanen da ba su iya saurare ba, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya ƙara tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilyasu, amma Mushe ake ce mini yadda ake ce wa malaman boko a nan, ina koyar da kimiyyar halitta a wata kwaleji nan Tawa. Na shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai cewa ba biri ne ya haifi mutum ba, abin da masana suka gano shi ne mu da birai tushenmu ɗaya can da nisan gaske. Su kuma sun shekara ashirin suna komawa gida suna cewa Mushe ya ce kakanmu biri ne. Har mai nama a unguwarmu ya san ni da wannan.

A gidanmu kuwa ba a zancen biri, don mu mutanen Santambul ne. Haka muka tashi muka ji. Kakana Malam Ilyasu, wanda na ci sunansa, maɗinki ne, teburinsa na bakin ƙofar kasuwa. Ya shigo Tawa yana saurayi a shekarar wata yunwa ta zamanin Turawa, shi kaɗai, ba ya jin Hausa sosai. In an tambaye shi daga ina, sai ya nuna gabas maso arewa da haɓa ya ce, "Can." Matansa da 'ya'yansa ne suka ƙarasa masa tafiyar har Santambul. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, wani ƙarfe da ya zo da shi, wanda aka ce hatimin da sarkin Santambul ke buga wa wasiƙu ne. Ta biyu, bai taɓa fita kasuwa ran Lahadi ba, ranar da duk maɗinkin Tawa ke samun aikin mako. Sai ya kulle kansa a ɗaki tun safe har la'asar. Aka ce halwa ce irin ta manyan gabas.

Hatimin yana hannun Gwaggo Hajiya Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta kusa tamanin kuma ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan marigayin. Yana naɗe cikin ƙyalle uku a ƙasan akwatinta. Mace in naƙuda ta yi tsanani, a wanke shi a ba ta ruwan. Ɗan gidan da zai zauna jarrabawa, a taɓa masa shi a ka, cikin ƙyallensa. Ni kaina da shi na ci biripe, jarrabawar gama kwaleji, ko da yake na yi karatu ma. Sau ɗaya na taɓa ganinsa tsirara: tsawon kamu biyu, bakinsa ya rabu yatsu uku. Gwaggo ta ce harafin Turkawa ne, kuma ba a yi wa Gwaggo musu.

Abin ya taso ne daga Nafisa, 'yar ƙanena da ke karatu a Turai. Ta tofa yawu a wata 'yar kwalba ta aika wa masu gwajin ƙwayoyin gado, suka maido mata da asalinta a rubuce. Babu ko ƙanshin Santambul a ciki. Sai dai sun haɗa ta da wani saurayi mai suna Gali, direban babbar mota a can, suka ce jininsu kusa yake ƙwarai. Buzu ne, daga wani wuri da ake kira Zangon Wantaka, arewa da Barmu. Ya ce mata kakansa Ahmudu na nan da rai, in muna so mu je mu gan shi.

Nafisa ta turo mini sakamakon, na buga takardar na kai wa Gwaggo. Abin da ya fara tayar mata da hankali shi ne yawun. Ta ce wace irin yarinya ce za ta ɗauki yawunta da hannunta ta miƙa wa mutanen da ba ta sani ba, in sun yi mata asiri fa? Da na karanta mata sauran, sai ta ce:

"Maisuna, ƙarya ta. Amma tashi mu tahi in gani da idona. In ƙarya ta, kai da ɗiyar ga kuna durƙusawa gaban dangi ku nemi gahwara."

Maisuna take kirana, don ba ta iya faɗin sunan mahaifinta. Na tambaye ta in kuma gaskiya ce fa? Ta ce in je in nemo mota.

Mun tashi da safe. Tun daga ƙofar gida aka fara. Gwaggo ta ƙi hawa kabu-kabu sai an ba hatimin wurin zamansa a gaba, bisa tanki, ta kuma gargaɗi mai babur kada ya jingina gwiwarsa da shi. A tasha muka sami motar Barmu, irin wadda ake cewa ta cika sannan a ƙara mutum biyar. Aka sa ni tsakanin wani dillalin albasa da wata akuya da aka ɗaure wa ƙafafu. Gwaggo ta sami gaba, don ta gaya wa direba ko ita wace ce.

Dillalin ya tambaye ni abin da zai kai mu Barmu, ni kuwa ba a tambayata abu irin wannan in yi shiru. Na zaro takardar na shiga bayani: kowane mutum rabin gadon jikinsa daga uwa yake, rabi daga uba, shi ya sa ake iya gane dangi ta yawu, kuma in aka bi sawu can baya, dukan 'yan Adam daga wannan nahiya tamu suka bazu, har da Turawa da Sinawa da mutanen Santambul. Gwaggo ta waiwayo daga gaba ta ce wa motar duka, "Kun ji ko? Ya hwaɗi da bakinai. Mu da su ɗaya na." Aka yi ta gyaɗa kai. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum darasinsa da sauri haka ba.

Iyakar da muka tsallaka ba ta ƙasa ba ce, igiya ce da aka ɗaura tsakanin ganga biyu, da jandarma a ƙarƙashin rumfa. Ya duba katin kowa, ya ga ƙunshin da ke cinyar Gwaggo, ya tambaya cikin ladabi ko mene ne. Ta tambaye shi ko yana da alwala. Ya leƙo baya neman mai taimako, sai fuskarsa ta washe. Ashe ɗalibina ne na da. Ya ƙame ya sara mini, ya juya ya gaya wa abokin aikinsa cewa ga malaminsu na biri. Aka sauke igiya muka wuce.

Da muka sauka Barmu na nemi takardata. Na aje ta a gwiwa lokacin da nake neman kati, akuyar kuwa bakinta ba a ɗaure yake ba. Abin da ya saura shi ne kusurwa ɗaya mai lambar shafi. Gwaggo ta dubi akuyar da irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce dabba ma ta san inda ake kai ƙarya.

Mun sauka gidan Mahamadu, abokin karatuna, wanda ke shugabantar wata lakwal ta firamare a can. Matarsa ta kawo mana hura mai sanyi da kwaɗon zogale, yaji har yana sa hawaye. Mahaifiyarsa ta fito gaida baƙuwa, Gwaggo ta gabatar da kanta yadda ta saba. Tsohuwar ta tafa hannu ta ce ai su ma daga Santambul suke. Wata maƙwabciya da ta shigo ɗaukar wuta ta ce su kam daga Misira. Mai kawo ruwa ya ce nasu kakan daga Bagadaza ya zo bisa farin doki. Na ce wa Mahamadu, ashe duk ƙasarmu ta Adar babu ɗan Adar ko ɗaya, kowa baƙo ne, ko wa suka tarar da suka zo? Ya ce in rage murya, uwarsa na ji.

Bayan la'asar na iske Gwaggo ita kaɗai a inuwar zaure, ƙunshin a cinyarta. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce in zauna.

"Maisuna, ka san abin da ni ka tsoro? Yaro shi ɗai, ba shi jin Hausa, ya hito daga wurin Buzaye, kuma bai taɓa hwaɗin sunan gidansu ba. In munka tahi anka ce mani ubana bawansu na da yag gudu, mi za ni ce ma jikokina?"

Na san a ƙasar nan irin wannan magana ba ta mutuwa, ana tono ta wajen neman aure, ana jifa da ita wajen faɗa. Na ce mata ko ma mene ne, shi ne dai mutumin da ya ɗinka mata rigar sallarta ta farko. Ta ce wannan zancen lakwal ne. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na ɗauko takarda na kai wa tsohuwa kamar wani sakamakon jarrabawa. Na ce mu koma gida in tana so. Ta ce ba ta sha ƙurar Barmu don ta juya ba.

Washegari Mahamadu ya samo mana amalanke. Mai jakin wani dattijo ne da bai yarda da gajeriyar hanya ba, sai wadda ke bi ta ƙofar duk wanda ya sani. Gonakin gero suka ƙare, duwatsu suka fara, sallama ta koma wani harshe. Da muka kusa zangon sai muka fara gamuwa da dabbobi masu zuwa rijiya, raƙuma da jakuna da shanu, kowace da tabon wuta a wuya, da'ira guda kamar zobe. Mai amalanke ya yi dariya ya ce ga dukiyar masu rabin shaida nan. Ya ce duk ƙasar an san su, shaidarsu ba ta cika ba, kuma sun ƙi cika ta. Ban kula ba, don a lokacin wata ƙaya ta kama mini hula.

Zangon ɗakunan laka ne kaɗan da tantunan fata. Abin da na fara gani shi ne kunnuwa. A gidanmu muna da wasu kunnuwa masu buɗewa gefe kamar murfin tukunya, waɗanda suka sa na sha wahala a lakwal. Ga su nan a kan duk yaran da suka fito kallonmu, kusan goma sha biyu, jere. Na taɓa Gwaggo. Ta ce ta gani, kunne ai kowa na da shi.

A gida in ka yi baƙo, kafin ya aje jaka ka tambaye shi abin da ya kawo shi. Nan ba haka ba. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka gaishe mu, aka sake gaishe mu, aka tambayi gajiya da zafi da mutanen gida, aka koma aka fara daga farko. Sannan aka kawo nonon raƙumi a akushi, da ɗuminsa. Na ga dama ta samu, na bayyana wa mazan da ke wurin cewa iya shan ɗanyen madara bayan an girma shi ma gado ne, an fi samunsa wajen jikokin makiyaya. Na sha don in nuna misali. Gwaggo ta shanye akushi biyu ta goge baki. Ni kuwa ba a yi rabin awa ba na tambayi inda ake zagayawa, aka nuna mini jeji gaba ɗaya. Sau uku na je. A gadon nan dai kunnuwa kawai suka biyo ta wajena.

Ahmudu ya fito bayan azahar, dogon tsoho, ya fi Gwaggo shekaru, da baƙin rawani da amawali, idanu kawai ake gani. Yana jin Hausa, yana jan ta a hankali. Gali ya riga ya gaya masa ta salula cewa muna tafe. Kafin ya gama gaisuwa Gwaggo ta ce ya buɗe kunnensa ta gani. A wajensu namiji babba ba ya sauke amawali gaban mutane, ko abinci ta ƙarƙashinsa yake ci. Wani ya yi tari, wani ya shiga hura wutar shayin da ke ci da kanta. Tsohon ya zauna da rawaninsa yadda yake.

Sai da aka sha kofi na uku ya fara. Ya ce kakansa na da 'ya'ya maza biyu, Wantaka da Ilyas, kuma shaidar dabbobin gidansu ƙarfe biyu ke yin ta, zobe a sama, wata alama a ƙasa. Da tsohon zai mutu sai ya ba kowane ɗa ƙarfe ɗaya, don kada ɗayansu ya iya sa wa dabba shaida ba tare da ɗan'uwansa ba. Da yunwa ta zo, aka raba garke biyu. Wantaka, mahaifin Ahmudu, ya tsaya da tsofaffi. Ilyas, ƙaramin, ya kora rabi ya yi kudu neman ciyawa, da ƙarfensa a jaka. Bai dawo ba. Daga baya matafiya suka ce sun ga gawarwakin dabbobin a hanya, amma ba su ga yaron ba. Maƙera sun sha cewa za su ƙera wani ƙarfen a yini ɗaya, Wantaka ya hana. Ya ce ranar da aka ƙera sabo, ranar ce aka binne ƙanensa.

Gwaggo ta ƙanƙame ƙunshinta ta ce labari kowa na iya shi. Ahmudu ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana yatsu uku da ɗan alinsa. Sannan ya goge na tsakiya ya sake zana shi a karkace. Ya ce shi bai taɓa ganin ƙarfen ba, amma mahaifinsa ya ce raƙumi ya taɓa taka shi, yatsan tsakiya ya lanƙwashe hagu.

Ban san yatsan a karkace yake ba. Gwaggo ta sani, shekara hamsin tana wanke shi. Ta kwance ƙyalle na farko, da na biyu, da na uku, ba ta tambayi kowa alwala ba, ta ɗora ƙarfen a kan zanen. Ya zauna daidai.

Sai ta yi tambayar da ta taso da ita daga Tawa. Ta ce, to shi ɗan gida ne? Ahmudu ya dube ta kamar bai gane ba, ya ce wa ake ba ƙarfen shaida in ba ɗan gida ba? Ya ce mahaifinsa bai taɓa yarda ƙanensa ya mutu ba. Duk shekara in an gama damina sai ya hau raƙumi ya tafi Tawa ran kasuwa, ya yini yana duba wuyan dabbobi ko zai ga yatsu uku. Har ƙafarsa ta gaza yana zuwa.

"Wace rana?" in ji Gwaggo.

"Lahadi. Ba ita ce kasuwarku ba?"

Mutumin da muka ce halwa yake yi, ashe ɓuya yake. An damƙa masa rabin dukiyar gida ta mutu a hannunsa, kunya ta hana shi komawa, ta kuma hana shi zama bakin ƙofar kasuwa ranar da ya san wansa na iya wucewa. Gwaggo ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, tana cewa ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Ni ma na yi. Ahmudu ya bari har ta lafa, sannan ya juya wa mazan baya, ya matso kusa da ita, ya ɗaga gefen rawaninsa kaɗan. Ta leƙa, ta yi dariya cikin hawaye, ta ce wannan ya ma fi na babanta.

Da safe aka hura wuta aka kayar da wani ɗan taguwa. Ahmudu ya sa zobe, Gwaggo ta riƙe hannun mai sa yatsu uku. Hatimin da na ci biripe da shi ya yi ja, ya sauka a wuyan raƙumi, ƙaurin gashi ya tashi, mata suka yi guɗa. Na yi tsammanin za ta karɓi abinta in ya huce. Ta miƙa wa Ahmudu ta ce aikin ƙarfen ya daɗe yana jiransa. Ƙyallayen uku ta cika su da cuku muka kamo hanya. A mota dillalin albasar nan, da muka sake haɗuwa da shi, ya tambaye ta labarin Santambul. Ta ce masa lahiya lau suke, suna gaishe shi.

To, 'yan fada, ban ga biri ba. Gwaggo ba ta nemi gafarata ba, Nafisa kuma har yanzu ana yi mata faɗan yawu. Amma ran Lahadi ta farko bayan dawowarmu, tun da hantsi ta aiko a kira ni, na iske ta da mayafi da 'yar kujera. Na kai ta bakin ƙofar kasuwa, daidai inda teburin mahaifinta yake da, inda yanzu wani ke sayar da cajar salula. Ta sa aka matsa mata, ta zauna tana fuskantar hanyar da dabbobin arewa ke shigowa. Na ce mata rana za ta yi zafi, kuma ba lalle wani daga zangon ya zo yau ba.

Ta ce, "Ko ba su zo ba. Ran da sunka zo, su iske wani."